Kuɗin Ruwa

Ran sunan jikata rediyo ya kawo tasa gudummawar.
Ana rabon waina, Tasi'u wanzami na wasa aska,
sai mai labarai ya ce, da murya kamar ta mai saida turare,
in aka kasa bashin ƙasa a kan kowa da kowa,
tsoho da jariri, kowa zai tashi da tulinsa.
Na dubi Barira cikin tsumman goyo.
Kwana bakwai, ko cibiya ba ta gama warkewa ba,
har an sa ta a littafi.

Shekara talatin da ɗaya na yi da alli a hannu
a firamaren da ke gabas da Gujungu.
Ni na koya wa rabin garin nan:
in biyu ta kasa fidda bakwai,
a aro ɗaya wurin maƙwabciya,
amma a tuna da ita, kar a wuce kamar ba a gan ta ba.
Wanda ya manta, jan biro ya tuna masa.

Sai na zame bayan rumbu, na ɗau tsinke
in fitar wa yarinya kasonta.
Sifili na bin sifili kamar ƙwan zabi,
har ƙasa ta ƙare, na ci karo da danga.
Akuyar Hansatu ta zo ta take rabin amsar.
Ban kore ta ba.

An ce wai mun ci bashi.
Na tambayi harshena, ya ce bai ɗanɗana ba.
Na tambayi cikina, ya yi ƙugi kawai.
Wanda na ci da bakina na san shi:
buhun taki biyu wurin Alhaji Sabi'u,
yana nan a littafinsa mai jan bango.
Da kaka ya zo da tiyarsa, riɗi ya bi shi.
Wannan bashin yana da fuska.
Sahu ɗaya muke bi da asuba,
in na makara ya yi gyaran murya,
shekarar da ambaliya ta cinye gona ya ɗaga mini ƙafa.
Wancan fa?
A wane masallaci zan tare shi in ce a yi haƙuri?

Jiya kuma sun ce babban banki ya ƙara kuɗin ruwa
don kada Naira ta ƙarasa zubewa.
Ruwa!
Tuƙa-tuƙar da aka ce da rance aka haƙa
damina uku ke nan tana tarin ƙishi.
Allon ɗan kwangila ya fi ta lafiya,
ko banza tumaki na shan inuwarsa.
Kuɗin ya zo ya wuce ta titi da gilashi a rufe,
ruwan nasa kaɗai aka sauke mana,
kuma ba ya jiƙa ko garin kwaki.

Da, fanshona kan ɗauko buhun gero a amalanke.
Yanzu a leda nake riƙo shi,
har in gaisa da mutane da hannun.
Bashi hanji ne, in ji mutanen da, yana cikin kowa.
Ban musa ba.
Sai dai wani ya ci tuwon,
aka aiko mana da murɗawar.

Uwani ta leƙo ta ce, Malam, baƙi na jira,
kai kana nan kana zane kamar mai duba.
Na share sauran da tafin ƙafa.
Na shiga ɗaki, na karɓi Barira, kanta sabon aski,
na lalubo ɗari biyar ɗin da ta yi laushi don yawo,
na sa mata a hannu, barka da zuwa.
Ta damƙe.
Na ce, riƙe da kyau, 'yar nan,
masu ita suna hanya.