Ɗigon da Ke Kiwo

Shekara biyu ina zubi wurin Dada Asta,
jaka biyar duk Juma'a, har ranar kwasa.
Na hau shi ja, sabo, ko leda ban cire ba,
na bi Yelwa a hankali don a gan ni a gaisa.
Ranar ko iska sai da ta ba ni hanya a Garwa.

Wani mai taye ya tare ni bakin tasha:
"Aboki, ɓarayin bana ba su da kunya.
Yi inshora, ka kwana kana munshari."
Ya miƙo shafi tara na Faransanci,
rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi.
Na sa hannu, babu mai fassarawa.

Suka ce sai da na'ura.
Yaro ya kwance murfi, ya cusa ta bayan tanki,
ko kwalin ashana ya fi ta girma.
Ya nuna min waya: "Ga ka nan, shuɗin ɗigon nan."
Jaka uku duk wata, kuɗin ciyarwa.

Daren Laraba jikin Habsatu ya yi zafi.
Na tsaya kantin magani, minti nawa ne?
Na fito da kwalba a hannu,
na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa,
da wani kare yana shinshinawa.

Na zauna bakin kwata na buɗe waya.
Ga shi yana gudu, gudun da ban taɓa ba shi ba,
ni da nake lallaɓa shi a kowane rami.
Ina kallo, ina kiran lambar da ba a ɗauka,
har ya tsaya cak a bayan Pituwa.

Da asuba Njidda, surukina, ya goya ni.
Waya ta ce saura taku ashirin, saura goma.
Muka kewaya dangar wani mai albasa:
jaki ne.
An ƙulle ta a tsumma, an rataya masa kamar laya,
yana tauna kara, ba ya da damuwa.

Sau uku na je wurin jandarma kafin a buga hatimi.
Na huɗu na hau bene, ofis mai sanyi,
gaban wanda suke kira Mushe Cinda,
alhali ni ne mushen, shi ne mai fiɗa.
Kawo makulli biyu. Na kawo.
Kawo rasit. Na kawo, har da hoton ranar saye.
Babba ya tafi Duwala, dawo jibi.
Jibin nan nasu ya fi damina daɗewa.

Ran da babba ya dawo, ya laso yatsa,
ya buɗe shafi na bakwai:
"Abin da na'ura ke gani bai ɓata ba."
Na ce, "Ranka ya daɗe, jaki ne fa!"
Ya ce, "Kwamfuta ba ta san jaki ba.
In ka kwance ta, ka karya sharaɗi.
In ka daina biya, mun rufe fayil."
Ya tura min alewa a faranti,
ya ɗaga kai yana neman mai shigowa.

Yanzu na Alhaji Garga nake haya,
in kai masa nasa kafin in auna gero.
Jaka ukun nan kuwa ban fasa ba.
A duk kwarin Binuwai babu jaki mai tsaro irin wannan:
na san sa'ad da yake gangara rafi,
na san Lahadi ce ranarsa ta kasuwa.

Jiya Habsatu ta leƙo ta kafaɗata:
"Baba, ina babur ɗinmu ya kwana?"
Na nuna mata ɗigon, yana motsi kaɗan-kaɗan.
Na ce kiwo yake, uwata, je ki kwanta.
Ta ce, "In ya ƙoshi zai dawo?"
Na kife wayar a tabarma,
na ce sai mun tambayi masu karantawa.