Kakawon Baba Arzika

Shekara sha tara ya yi a kurmin Kwaddibuwa
yana fasa kakawo da adda,
bai taɓa kai shi baki ba.

Yanzu a Tawa, daren Juma'a,
yakan soya 'yan ƙwayoyi a kasko,
Inna ta daka da kimba da barkono.
Ba sukari.

Ya ce can ƙetaren teku
mutanen dā ba su kurɓa shi
sai sun kira magabatansu.

Ƙoƙo na zagayawa, mu yara muna yamutsa fuska.
Shi kuwa sai ya runtse ido,
ya ambaci Nomau,
da suka binne gindin itacen,
ba liman, ba dangi.

"Ku sha, ku yi masa Fatiha.
Ɗacin ma sadaka ne."