Takwas da Takwas

Su uku suka miƙa hannu ranar Talata,
aka ɗebi jininsu a 'yan kwalabe.
Sambo tun daga Bolari yake bugun ƙirji:
"Ku cire duka biyun in ɗaya ta kasa!"
Awo ya ce jininsa ya hau, bai sani ba.
Ya shigo mai kyauta, ya fita da katin asibiti.

Manga, ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya,
amma da aka haɗa jininmu a gilashi
sai suka yi wa juna kallon hadarin kaji.
Ashe zumuncin da ke tsakar gida
ba lallai ya kai cikin jijiya ba.

Saura Adda Dudu mai injin markaɗe,
wadda ba ta ce uffan ba tun da muka fito.
Likita ya kore mu, ya rufe ƙofa,
ya tambaya, ya sake, ya kuma:
"Wani ya matsa miki? An yi miki alkawarin fili?
In kin fasa, zan ce musu ba ki dace ba,
babu wanda zai ji dalili."
Ta ce, "Na goya shi yana tsumma.
Bayana ya saba da nauyinsa. Ku yanka."

Shekara biyu na yi jikin injin wankin ƙoda,
Litinin da Alhamis, kamar mai azumin nafila,
ruwan sha ana auna mini a kofin shayi.
Daren da na farka da ɗinki a mara
na ji wata nas tana ɗaga leda:
"Fitsari! Ku zo ku ga fitsari!"
Abin da muke ɓuya mu zubar a bayan gida
shi ya sa Bappa sujada a kan siminti.

Na ɗauka an gama.
Ni da nake tela a Herwagana,
na manta riga ba ta ƙarewa a bakin allura.
Jikina maigadi ne mai kunnen ƙashi,
bai san baƙo na arziki ba, ko 'yar'uwa ce.
Sai an lallashe shi da ƙwaya:
takwas na safe, takwas na dare,
ba takwas da rabi ba,
ba "bari in ƙarasa wuyan rigar nan" ba.

Goggo ta aiko da sassaƙe daga Dukku, jarka guda.
Na yi godiya, na shayar da gindin zogale.
Kunun ayan bakin kasuwa, sai dai mu gaisa da ido.
Mai tari ya shigo shago, in ja takunkumi,
ya ce na yi kuɗi na fara ƙyamar mutane.

Watan da aljihu ya bushe
na sa almakashi na raba ƙwaya biyu,
na ce wa zai gani?
Jini ya gani. Jini ba ya rufa asiri.
Sista Rifkatu ta kife takardar a tebur:
"Gidado, ba ƙwaya kake yankawa ba, Dudu ce."
Washegari na sayar da keken surfani.

Kowa ya zo, "Ya jiki, Gidado?"
Babu mai lanƙwasawa Pantami ya tambayi
wadda ta koma bakin inji da ƙoda guda,
tabonta ɓoye ƙarƙashin zani.
Amma fayil ɗin likita suna biyu ne a bangonsa.
Duk wata shida sai in tsaya a ƙofarta,
in kai ta a auna jini tana mita:
"Wake na jira, ka ɓata mini ciniki."

Yanzu takwas saura minti ɗaya.
Wayata za ta yi ƙara sau guda, ta yanke.
Adda ba ta ɓata kati kan magana.
In haɗiye, in kora da ruwa cikakken kofi,
in ɗora tafi a ƙasan cibiya, ta dama,
inda take aikinta ba ta ce uffan ba,
kamar yadda ta saba.