Mai Fito na Tungar Jabbi

In damina ta kai ƙarfi, Rima kan buɗe hannuwa,
ta rungume tungarmu ta gaba, ta baya,
mu wayi gari tsibiri:
gida goma sha tara, masallaci ɗaya, awaki, sai ruwa.

Lokacin ne baƙi kan zo daga birni,
ranar Asabar sun fi yawa.
Motoci a bakin gaɓa, takalma fes,
kowa ya ɗaga waya sama
awa masu duban wata daren tsayawa.

Ni ne Nomau, ni ka fito.
Ɗari biyar kai ɗaya, goyo kyauta.
Na ce Bismillahi, na soka gora cikin laka,
wata mai tabarau ta ce, "Baba, maimaita, ban ɗauka ba."
Na ce, "Ɗiyata, wanda nay yi dominSa ya ji,
ba Shi bukatar maimaitawa."

Suna son ganin Inno Tumba bakin banda,
tarwaɗa na naɗewa bisa waya,
su kuma suna naɗe ta cikin waya.
Suka ce, "Kai, hayaƙin nan ya yi kyau!"
Ita ko shekara talatin ke nan
da shi take kwana, da shi take tari,
ta dube su, ta gyara itace, ta ci gaba da juyawa.

Sukan tambaye ni, wai gaskiya ne
ba a fito da baki a nan in rana ta faɗi?
Gaskiya ne.
Liman ya ce bai gani a littafi ba.
Kakata ta ce haka aka yi da ƙanenta Mode,
ya yi fito, aka amsa masa daga ƙasa.
Liman muke bi sahu sahu, sau biyar,
amma bayan magariba har shi
ban taɓa jin leɓensa ya yi gangancin tsukewa.

Da ma ranar Juma'a suke zuwa,
su ga jirgi bakwai a jere,
riguna a naɗe bisa kai, tabarmi a hammata,
tsofaffi a tsakiya don kada su jiƙe,
yara na kwarfe ruwa da sakaina,
muna tsere da kiran salla zuwa ƙetarawa.

Abin da ba su gani ba ya fi yawa.
Bara da Malam Buwai ya cika,
duk inda muka sara, ruwa ke bulbulowa.
Jirgi biyu muka ɗaure da igiyar rama,
muka ɗora makara a gicciye,
muka nufi tudu.
Ba waya ko ɗaya ran nan,
sai ƙarar gora, sai kalmar shahada,
sai balbela guda da ta raka mu har gangarawa.

Wani mai tumbi ya miƙe ƙafa cikin jirgina,
ya ce, "Ku kam kuna Aljanna, ba hayaniya, ba haya."
Na tuna daren naƙudar Hantsi,
fitila a haƙorina, igiyar ruwa na turo mu baya,
asibitin Kware awa Makka don nisa.
Ban ce masa komai ba.
Na tsinko masa bado, na ɓare, na ba shi,
ya tauna, ya ce yana da daɗi,
ya tofar a ɓoye, ina kallon inuwarsa cikin ruwa.

Kaka za ta zo, Rima ta janye hannuwa,
tsibiri ya koma ƙauye kamar kowane,
mu dasa albasa inda muka jefa taru.
Ba mai zuwa kallon ƙauyen da ake shiga da ƙafa.
In kife jirgi, in toshe ɓarakarsa da auduga,
awaki su kwanta a inuwarsa.
Ladan ya hau turmi kamar kullum,
mu yi alwala da buta,
mu da muka saba sunkuyawa kawai mu kamfata.