Jirgin Asabar zuwa Iloilo

Ran Asabar, tun zakara bai gama gyaran murya ba,
nakan bar Guimaras da mangwaronta suna barci,
in shiga jirgin ruwa, jakar leda a ƙirjina,
kada teku ta riga farfesa karanta takarduna.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli.
Na ɗauka na iya.

A ajin digiri na biyu mu goma sha huɗu ne,
duk malamai, kowa da farin alli a ƙarƙashin farce.
Farfesa Villaruel, 'yar tsohuwa mai takalmin roba,
ta rubuta layi guda da haruffan wata ƙasa
da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu,
ta ce, "Erlinda, tashi ki karanta."

Na tashi.
Gumi ya tsattsafo mini a ƙeya.
Agogon bango na ta taunar daƙiƙa,
ita kuwa ta naɗe hannu, ta ƙi cetona.
Sai da minti biyu suka cika cif ta ce,
"Zauna. Akwai yaro a ajinki
da ya shekara uku a tsaye haka."

Na san shi.
Rodel, ɗan masunci, kujerar baya ta jikin taga,
wanda na rubuta wa "ba ya mai da hankali"
da jan biro, har sau uku.

Kuɗin zango na biyu
bishiyar mangwaro biyu ce na sayar tun tana fure.
Da su na koyi feɗe kalma kamar kifi:
ga gaɓa, ga sauti,
ga ƙayar da ke maƙale wa yaro a wuya.
Dare ya raba ina sauraron muryoyin ɗalibaina a waya,
ina ƙirga inda kowa ya yi tuntuɓe,
shinkafa na ƙonewa a bayana.

Wata Laraba na tsare Rodel bayan an tashi.
Na rubuta b, na rubuta d.
Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce,
"Malama, kwalekwalen babana
ko gabas ya duba ko yamma, kwalekwale ne.
Shi wannan don me in ya juya baya
sai ya canza suna?"

Duk littattafan da na ci bashi na saya
ba wanda ya yi tambayar da kyau haka.

Muka bar allo, muka sauka gaɓa.
Da guntun igiyar taru muka naɗa haruffa a jiƙaƙƙen yashi.
Tumbin d na duban dagat, teku kenan a bakinmu,
tumbin b na duban balay, gida.
Igiyar ruwa ta zo ta lashe.
Muka sake.
Ta sake lashewa.
Haka har damina ta wuce.

Kundina bai ƙare ba har yau.
Babi na uku ya dawo jina-jina da jan biro,
yanzu na san zafinsa.

Amma Asabar ɗin da ta wuce, a bakin mashiga,
na hango shi tsugune gaban kwalekwalen uban,
yatsa a kan fentin da gishiri ya ci rabi.
Bri.
Ya haɗiye yawu.
Gi.
Ya dubi teku, ya dubi gida.
Da.

Brigida. Sunan uwarsa,
mai wanke-wanke a wani gida a Hong Kong.
Shekara huɗu yana hawan sunan zuwa kamun kifi
bai san ita ke ɗauke da shi ba.

Uban bai ɗago daga ɗinkin taru ba,
allurar dai ta tsaya.

Jirgina ya yi ƙaho, ya tashi.
Na bi na ƙarfe tara,
na shiga aji a makare, ƙafata duk yashi.