Amfiya Goma

A teburina, a Rafindadi, akwai ɗan akwati shuɗi,
bai fi ƙwayar sukari biyu ba.
Rile sunansa. Yana zaune a kan koren allo,
an yi masa zane a baya da farin rubutu:
bolt biyar a nan,
amfiya goma, bolt ɗari biyu da hamsin a can.

Bolt biyar ɗin raɗa ce,
da ita allo ke ce masa, rufe.
Sai ya ce ƙyas, kamar an karya tsinken tsintsiya,
ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wutar gida ta wuce.
Na so ƙarar nan fiye da kima.

Tanimu ya gaji da hawa tsani yana leƙen tanki,
na ce ya huta, na ɗauke masa.
Takardar injin rijiyarmu ta ce amfiya bakwai.
Bakwai ai ba ta kai goma ba,
ko 'yar aji uku ta san wannan.
Na ɗaura waya, na ɗiga dalma, na yi bisimilla.

Kwana tara yana jin magana.
Na goma, kafin kiran assalatu,
Inna ta sauko da ƙafa ta taka kogi.
Buhun gero ya sha ya ƙoshi,
takalman Baba sun kama hanyar zaure,
kaza ta haye turmi tana kallonmu.
Allo na ta cewa buɗe, buɗe,
'yar fitilarsa ta mutu tuni,
rile ya yi kunnen ƙashi.

Malam Dikko na Ƙofar Ƙaura bai yi dariya ba.
Ya sa bakin wuƙa ya ɓare shuɗin murfin,
ga leɓɓa biyu sun narke sun manne,
baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya.

Ya ce, "Ɗiyata, mi kika aza mai?
Kin taɓa tura amalanke cike da bulo?
Tayar da ita ne aiki, in ta gangara ko yaro ya riƙe.
Inji in zai tashi, bakwai ɗin nan sai ya ninka ta biyar,
ƙiftawar ido ne, amma kullum, kullum.
Goman nan ta ƙwan fitila ce da dutsen guga,
masu ci a hankali.
Duba layin ƙasa kuma: bolt talatin kacal
in wutar batir ce.
Ita ba ta numfashi, in ta cafke ba ta saki."

Ya juya allon, ya bi hanyoyin tagulla da farce,
sirara kamar tsagar kitso.
Ya girgiza kai, bai ce komai ba.

Ya miƙo mini kontakta, mai nauyin rabin bulo.
"Ƙaramin ya kira wannan, wannan ya ɗau kaya."

Yanzu in tanki ya yi ƙasa, ƙara biyu nake ji:
ƙyas, sannan gaf.

Wanda ya ƙone yana cikin gwangwanin madara
tare da kusoshi da guntayen waya.
Wani dare nakan ɗauko shi in kai kunne.
Har yau a rufe yake.
Geron kuwa ya tsira a buhu,
Inna ta ce in ci shi da ilimina.