Taƙi Uku

Arzika mai faci, bakin Ƙofar Marke,
shekara talatin yana hura wa tayoyin mutane iska.
Ran nan ya ajiye famfo, ya ce
iska ta ci bashinsa da yawa,
lokacin biya ya yi.

Ni ne yaron shagon, Nomau,
wanda ake wa kirari da sillen kara.
Ya kai ni sikelin masu fatu, ya ɗora,
ya daɗe yana duban allura.
Ya ce, "Yaro, ramarka ta yi rana."

Wata bakwai muna rage wa keke nauyi.
Ƙararrawa ta tafi, madubi ya bi ta,
har burki ya kwance ya jefa a kwali:
"Mai zuwa sama, mi za ya yi da burki?"
Gwangwala muka fere har ta koma kamar haƙarƙarin kifi,
Kulu tela ta ɗinke mana leda a kai,
tana ɗinki tana dariya,
fiffike taku ashirin, ya fi shagon tsawo.
Farfela kuwa icen rimi ce,
sarƙa biyu muka haɗa kafin ta kai gare ta.

Da la'asar sai ya ja ni kwata kallon shirwa.
"Duba, ko motsi ba ta yi.
Bayan fiffikenta tudu, cikinsa kwari.
Iskar da ta bi ta tudu sauri take,
ita ka ɗaukar ta, ba ƙarfi ba."
Gaban keken ma ya lulluɓe shi kamar kan tarwaɗa
don iska ta zame ta wuce,
kada ta tsaya kokawa da ƙirjina.

Masu kabu-kabu suka sa masa suna Direban Gajimare.
Bai tanka ba. Yana ɗaure waya da haƙori.

Bayan sallar asuba, fadamar Kwalkwalawa,
an yanke shinkafa, ƙasa ta bushe ta kwanta,
ko ganye ba ya motsi.
Ya riƙe bakin fiffike, Kulu ta riƙe ɗayan,
suna gudu da ni kamar masu koya wa yaro tafiya.
"Taka! Nomau, taka!"

Na taka.
Cinyoyina suka kama wuta,
numfashina ya koma zarto,
farfela na sarar iska a bayana,
taya na ƙara a kan kututturen shinkafa,
ƙara, ƙara,

sai ta yi shiru.

Wannan shirun nake son ba ku labari.
Ƙasa ta sake ni, ba sallama.
Na leƙa, na ga inuwata ta rabu da taya,
tana bin mu a ƙasa ita kaɗai.
Taƙi uku ne, bai fi ba,
akuya ma tana tsallake fiye da haka,
amma ba doki, ba fetur, ba aljani,
kunun da na sha da dare ne ya ɗaga ni.

Numfashi tara na ƙirga.
A na goma ƙafar hagu ta ce ta gaji,
fiffike ya sunkuya ya gaida ƙasa,
muka kife cikin albasar Labbo.

Labbo ya taso da fartanya yana ƙirga asara,
kwando biyu, in ji shi, ba ragi.
Arzika ya iso yana haki, ya wuce ni, ya wuce shi,
ya durƙusa inda sawun taya ya yanke,
ya bi ƙasar da ba a taka ba da tafin hannu
har inda sawun ya dawo.
Taku arba'in da ɗaya.

Ya biya kuɗin albasa bai yi ciniki ba.

Yanzu gwangwalar na rataye a rufin shago.
In na kama faci, gwiwata na tuna mini.
Shi kuwa kullum yana duban kwanon tuwona,
yana cewa, "Yaro, a hankali da loma."